Itacen da Gara Ba Ta Ci

Duk baƙon da ya zo Surko ya ga masallacin unguwarmu, tambayarsa ɗaya ce: yaya gari yana da masassaƙi kamar Audu, amma asabari ne rataye a ƙofar masallaci? Mutanen gari ba sa tambaya, su sun sani. Ni ne Audun. Turmi, akushi, kujera, ƙotar fartanya, daga nan har kasuwar Gwaram ba wanda bai san aikin gizagona ba. Amma ƙyaure ban ƙara yi ba, kuma ba zan yi ba. Yau na ga damar faɗin dalili, wanda ya gaji ya tashi.

Ina saurayi mai ji da kai na yi wa masallacin ƙyaure, aikina na farko da ba hannun Baba a ciki. Baba, Malam Sale, shi ya koya mini sana'a. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Ya ce in yi da kirya, tun da gara ba ta cin kirya. Na ce kirya siririya ce, murɗaɗɗiya, sai an yi ta haɗe-haɗe kamar ƙwaryar da aka ɗinke, ni kuwa faffaɗan abu nake so. Na je na saro rimi, na fitar da shi fes, har da zane. Damina biyu ya yi. Ran nan da azahar Ladan ya zo ya tura ƙyaure, sai hannunsa ya shige har gwiwa. Gara ta cinye cikin tas, ta bar fata. Jama'a na alwala suka kwashe da dariya, har Liman sai da ya kau da kai.

Daga ranar sunana ya koma Mai-tuwon-gara. Mata a bakin rijiya, tsofaffi a gindin tsamiya, kowa: "Sannu da aiki, Mai-tuwon-gara, yau me aka dafa musu?" Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, abu kaɗan ke tafasa ni. Ana cikin haka na ji wani falke a kasuwar Birnin Kudu yana ba da labarin wani itace a kurmin Yarbawa, wai shi loko. Ya ce faɗinsa ya isa a fitar da ƙyaure guda ba haɗi, kuma gara ko ta hau shi sai dai ta sauka da yunwarta. Na dawo gida na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, na ce in ban kawo wannan itace na kafa a nan ba, ba ubana ne ya haife ni ba. Uban nawa yana zaune a wurin.

Sai da muka shiga gida ya ce mini: "Ka san gatari, Audu, itace ne ba ka sani ba tukuna. Tare za mu." Inna kuwa magana ɗaya ta yi mini: "Ni ba ruwana da ƙyaure. Tsohon nan nake so ka dawo mini da shi."

Zangon da na fara tunawa sosai shi ne bayan Zariya. Mun bi ayarin fatake masu kai kanwa Ilori, da jakinmu guda ɗaya, baƙi, mai haƙuri. Ba mu da haja, hannunmu ne guzurinmu. Duk inda aka sauka Baba zai zauna ya sassaƙa muciya ko koshiya, matan zango su ba mu tuwo, ni kuma in gyara wa fatake ƙotar gatari. Baba yana da wata ɗabi'a: ba ya wuce baƙon itace. Sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ɓanto ɗan ɓawo ya sansana, wani lokaci har ya tauna. Fatake suka riƙa cewa, "Ku dakata, Malam Sale na gaisawa da danginsa." Ni kunya nake ji, in yi gaba kamar ban san shi ba. A cikin jakarsa akwai ƙunshin garin kuka da daddawa da Inna ta ɗaura masa. Da yatsa uku yake ɗiba, kuma ba kullum ba.

Bayan Bida muka iso kogin Kwara. Kai! Mu da ruwanmu da rani ko idon sawu ba ya rufewa, ga ruwa sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango ɗaya gaɓar. Aka zuba mu cikin jirgi, mutum fiye da ashirin, har da jakin a ɗaure. Baba ya zauna a ƙasan jirgin ya rufe ido yana ta salati, hannunsa riƙe da bakin jirgi gam. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Muna tsakiyar ruwa sai na ga hannun ya saki, ya fara shafa itacen. Can ya ƙwanƙwasa. Ya buɗe ido.

"Audu, duba nan. Babu haɗi. Itace ɗaya ne tun daga kai har gindi."

Mai fiton Banufe ne, yana jin Hausa kaɗan. Ya yi dariya ya ce loko ne, kuma kakansa ne ya sassaƙa jirgin, tun lokacin yana cikin ruwa bai ruɓe ba. Da muka sauka ya ga yadda Baba ke kallon jirgin, sai ya zaro wuƙa ya ɓanto masa ɗan guntu daga baki, bai kai tsawon yatsa ba. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sansana, ya soke a cikin hularsa.

A Ilori zazzaɓi ya kayar da Baba. Kwana shida yana kwance a masauki, ni kuma ina yawo a kasuwa ina tambayar hanyar kurmi, ba mai gane abin da nake faɗa. A nan wani mutum ya dafa kafaɗata ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, irin tamu. Ya ce sunansa Tanko.

"Ɗan'uwa, daga wace ƙasa?"

"Surko, ƙasar Birnin Kudu."

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar Zandam ce."

Wata uku ban ji wani mahaluki ya ambaci Zandam ba. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Ya ja ni inuwa, ya sa aka dama mini fura, ya saurari labarina duka yana girgiza kai. Ya ce haba, wane irin ɗa ne zai ja tsoho marar lafiya cikin kurmi, inda rana ba ta sauka ƙasa? Shi yana da katakon loko a ajiye, wani ya sa aka kawo bai dawo ba. Ya kai ni wani kango ya nuna mini. Faffaɗa, baƙi-baƙi, yana ƙyalli. Na cicciɓa na ji nauyi. Ya ce don zumunci ba sai na ba da wuri ba, in bar masa jakin kawai. Na ba shi igiyar da hannuna, har ina yi masa godiya.

Aka kawo katako masauki ina ta washe baki. Baba ya yunƙura ya zauna. Ya sansana. Ya zaro ɗan guntun nan daga hula ya sansana shi ma. Sannan ya sa farcen babban yatsa ya danna katakon, farcen ya nutse, wani jan ruwa ya tsattsafo.

"Makuba ce da manja," in ji shi. "An jiƙa shi a rafi don ya yi nauyi." Ya ɗan kankare da wuƙa, fari ya bayyana. "Rimi ne, Audu. Ɗan'uwan na gida."

Na suri gatari na fita. Na zaga kasuwar nan sau uku, na koma kangon, ba Tanko ba jaki, kuma duk wanda na tambaya bai taɓa jin sunansa ba. Na dawo ina huci. Na so Baba ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai cewa ya yi, "Ajiye gatarin nan, ba don mutum aka wasa shi ba." Ya koma ya kwanta, ya juya fuska bango. "Jaki ya tafi. To, Allah ya bar mana wuyanmu."

Da ya ji sauƙi muka bi wasu masu sayen goro muka shiga kurmi. Ba zan iya kwatanta wa mutumin Surko kurmi ba. A nan in ka tsaya a gona kana hango gari uku. Can kuwa taki goma ba ka ganin na gabanka. Sama a rufe, ƙasa a jiƙe, riga ba ta bushewa, gizago yana kwana ya tashi da tsatsa. Lokacin salla ma sai dai mu yi kirdado. Abinci doya da manja, yau doya gobe doya. Ni na saba da wuri, Baba ne ya kasa. Zai ci loma uku ya wanke hannu, ya buɗe ƙunshin Inna ya sansana, ya mayar ya ɗaure.

A wani ƙauye aka nuna mana gidan masassaƙinsu, wani tsoho mai suna Ojo. Ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Yarbanci. Ya dube mu sama da ƙasa, ya ci gaba da aikinsa. Baba ya tsuguna gefe, ya zaro gizagonsa ya ajiye a ƙasa. Ojo ya ɗauka, ya gwada kaifin a farce, ya juya ƙotar, ya ga inda hannu ya cinye ta. Sai ya miƙo wa Baba nasa. Shi ke nan gaisuwarsu. Daga ranar kullum suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna sassaƙa, wani ya yi gyaran murya, ɗayan ya gyaɗa kai, sai ka rantse hira suke. Matarsa, da kowa ke ce wa Iya, ta yi talla a Ilori tana budurwa, tana da 'yar Hausa guntu-guntu. Ita ta faɗa mana sharaɗi: mu yi masa aiki har damina ta wuce, in an sare loko mu sami falle ɗaya na katako.

A gidan na san loko. Turminsu na loko ne, da gangarsu, da ginshiƙan ɗaki, da kujerar da Ojo ke zama. Ya kai mu bayan gida ya nuna mana wani turke da ya ce kakansa ya kafa. Gara ta gina suri a jikinsa har rabi. Ya sa ƙafa ya rushe surin, gara ta watse, ya ba ni wuƙa. Na kankare, na sake kankarewa. Lafiya lau, ko huda ɗaya babu. Na tsaya ina kallon turken nan kamar in rungume shi.

Da ruwa ya ɗauke aka je saran itacen. Mutum biyar suka kama hannu ba su zagaye gindinsa ba. Su mutanen ba sa taɓa loko haka kawai, sai sun ɗaura masa farin ƙyalle sun yi 'yan maganganunsu, wai akwai mai zama a ciki. Na fara murmushi, Baba ya take mini ƙafa. "Ba ma yi da su, ba ma kuma yi musu dariya. Garinsu ne." Muka ja gefe, da suka gama muka yi bisimilla muka sa gatari. Sara na farko wani farin ruwa ya fito kamar nono, inda ya taɓa fata sai ƙaiƙayi. Kwana uku muna sara. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza, sama ta buɗe, rana ta zubo a fili karo na farko cikin watanni. Na waiga na ga Baba ya shiga tsakiyar hasken ya tsaya, ya cire hula, ya ɗaga fuska. Ya daɗe a haka.

Fitar da fallen ya ci mana fiye da wata. Da turaku masu kaifin baki ake tsaga shi, ana bugawa da guduma, kaɗan-kaɗan. Ojo ya sa muka sassaƙe farin bayan duka muka zubar, ya ce wannan abincin ƙwari ne, zuciyar ce gara ke tsoro. Zuciyar in an fara buɗe ta rawaya ce kamar gwaiduwar ƙwai, kwana kaɗan ta sha iska sai ta rine ta yi duhu. A cikinta akwai wasu 'yan duwatsu farare, a jikin itacen suke fitowa, ɗaya ya ɓantare mini bakin gizago har na yi ashar. Garin itacen kuwa in ya shiga hanci sai tari da jan ido. Ni kwana biyu na yi na warke. Tarin Baba bai tafi ba.

Muka gama. Kamu huɗu tsawo, kamu biyu faɗi, kaurin yatsa uku, ba haɗi ba tsaga. Na shafa shi na ji kamar an ba ni sarautar duniya. Ojo ya sa aka ɗora shi kan duwatsu a inuwar rumfa, sannan ya ɗaga yatsu yana nuna sama. Iya ta fassara: sai wata goma. Ta ce ruwa ne cike da cikinsa, in ya bushe sai kusan rabin nauyin ya tafi, yanzu kuwa kayan mutum huɗu ne.

Na yi dariya. A garinmu itace in ka sare shi da rani, kwana ashirin ya bushe ƙayau. Na ce zai bushe a hanya. Kuma labari ya zo cewa ayarin ƙarshe zai tashi daga Ilori kafin ruwa ya sauka, in ya wuce sai baɗi.

Baba ya ce, "Mu jira, Audu. Mai itace ya fi mu sanin itacensa. Wannan ba iskar gida ba ce."

"Wata goma, Baba? A cikin wannan duhun?"

"Na fi ka ƙin duhun. Amma katakon bai shirya tafiya ba."

A nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na ce, "Kai ai ba da kai ake dariya ba. In ka gaji ka zauna wurin abokinka, ni zan ja abina ko a ƙasa ne."

Ya dube ni. Ya warware rawaninsa ya fara naɗa shi gammo.

Ranar da za mu tashi Iya ta kawo wa Baba ƙwarya a rufe. Kunun gero ne. Ban san inda ta samo gero a wannan kurmi ba, na dai ji ta yi tafiyar yini zuwa wata kasuwa. Baba ya sha yana hawaye a fili, ba kunya. Ojo ya raka mu har bakin rafi, ya kama hannun Baba ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ni kuwa ko kallona bai yi ba.

Muka ɗora katako a ka, Baba a gaba, ni a baya. Wayyo, nauyi! Yinin farko ji na yi wuyana zai shige cikin ƙirjina, na yi ta mita, ina tsaki, ina zagin hanya. Washegari da muka ɗauka sai na ga Baba ya matso baya, har ina iya taɓa kafaɗarsa. Na ce me ya faru? Ya ce, "Kunnena ya yi nauyi, ina so in riƙa jin maganarka." Ranar na ji kayan da sauƙi. Na ce a raina, ka gani, ai ya fara bushewa, tsofaffin nan da tsoro suke.

Muka cim ma ayari a Ilori da kyar. Duk ƙauyen da muka ratsa mutane sai su ja gefe su yi shiru, wasu su cire hula, sun ɗauka makara ce muka ɗauko. Fatake suka mayar da abin wasa: "A ba masu gawa hanya!" Har ni ina dariya. Muka sake haye Kwara, muka wuce Bida, ruwan farko ya sauka, hanya ta zama taɓo. Kullum mu ne ƙarshen isa zango. Baba ya rage magana, ya rage ci, in an sauke kaya sai ya zauna ya riƙe ƙeya da hannu biyu. In na tambaya ya ce tsufa ne. Madugu ya kira ni gefe sau biyu ya ce, "Samari, yar da katakon nan ka ɗauki ubanka." Na ce saura kaɗan. Rana ta uku ayari ya wuce ya bar mu.

Saura kamar kwana biyar mu kai Zariya, da hantsi, sai na ji katakon ya yi gaba. Baba ya durƙusa a kan gwiwa, amma bai saki ba, sai da ya tabbata na riƙe sannan ya sauke a hankali don kada bakin ya bugi dutse. Daga nan ya kife.

Akwai wani ɗan ƙauye kusa, gida bai fi goma ba, da wani malami tsoho. Suka ɗauke shi zuwa gindin wata kuka. Wata Bafillatana da ke wucewa da tallan nono ta tsaya, ta ɗiba a ludayi ta ba shi a baki, ta ƙi karɓar komai. Ya kurɓa kaɗan. Ya ɗaga ido ya ga rassan kukar, ya yi murmushi.

"Mun fito daga duhu ke nan."

"Mun fito, Baba. Ka huta, gobe in samo jaki."

"Ina katakon? Kada ka jingina shi a rana, zai tsage. Ka ɗora shi kan duwatsu a inuwa, ka riƙa juya shi." Ya yi tari mai tsawo. "In an kafa, ka bar Ladan ya fara turawa."

Na ce masa ya yafe mini maganar da na yi a kurmi. Ya ce wace magana? Daga nan sai kalmar shahada. Kafin la'asar ya cika.

Ni da malamin muka yi masa wanka. Da muka cire hular, tsakiyar kansa ba gashi ba fata, ɗanyen nama ne, wani wuri ya warke ya sake ɓallewa. Malamin ya dube ni, ya dubi kaina da ba abin da ya same shi.

Ƙauyen ba su da makara, aka ce a ɗauke shi a kan katakon. Na je in goge taɓon da ke jikin katakon, na kifa shi. A ƙarƙashinsa, wurin da ke kan kawunanmu, ga tabo biyu baƙaƙe, zufa ta rina itacen. Nawa yana can ƙarshe, daf da baki. Na Baba yana kusan tsakiya.

Ni masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Tun ina yaro nake ɗaukar azara da mutane, na san wanda ya matsa tsakiya shi ke ɗauke da kaya, na baki rakiya yake yi. Na sani sarai. Kwana arba'in yana gabana, ina kallon ƙeyarsa, ina murna wai itace na bushewa. Kunnensa lafiya lau yake. Mitata ya ji a yinin farko, ya matso ya karɓe. Na zauna a taɓon nan na yi kuka irin wanda ban san namiji na yi ba, har matan ƙauyen suka leƙo.

Da aka ɗora Baba a kai, mutum huɗu suka kama kusurwa, ni na sunkuya na shiga ƙarƙashi na sa kaina a kan tabonsa. Haka muka kai shi.

Maƙabartarsu jar ƙasa ce, suri ko'ina, kaburburan duk sun lotsa sun zama ramuka. Aka kawo itacen da za a jera a kansa kafin a zuba ƙasa, na ɗauki ɗaya na duba: ɗanye, fari, mai taushi. Malamin ya ce abin da suke da shi ke nan, gara a nan ba ta barin itacen kabari ya ga damina biyu, daga nan ƙasa ta rufta. Na dubi Baba kwance a ramin, na dubi katakon. Na ce, "Malam, ya halatta a rufe shi da wannan?" Ya ce bai taɓa gani ba, amma bai san abin da ya hana ba. Muka ɗauko shi muka kwantar. Ya rufe ramin daga kai har ƙafa, ba inda ƙasa za ta bi. Gefen da ke da tabon shi na juya ya dubi Baba.

Na iso Surko da gizago biyu da jaka ɗaya. Inna tana tsakar gida tana sussuka. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta daɗe tana duban bayana. Na ajiye mata hularsa da ɗan guntun lokon mai fito a ciki, da ƙunshin kukarta, saura kaɗan a ƙasa. Ta kwance ta duba. Ta ce, "Ko cinyewa bai yi ba." Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba har ta rasu, ni kuma ban sami bakin faɗa mata ba. A gari ba wanda ya sake kirana Mai-tuwon-gara. Wallahi da sun ci gaba da kira da ya fi mini.

Bayan damina goma sha ɗaya na bi wani ayari na koma. Malamin ya rasu, kukar tana nan. Na shiga maƙabartar ina tsallake ramuka, sababbi da tsofaffi, duk sun rufta. Ɗaya ne kawai a tsaye yadda muka bar shi, ga suri har biyu a gefensa, ƙasar kansa ko lotsawa ba ta yi ba. Na yi masa addu'a. Sannan na durƙusa na ƙwanƙwasa ƙasar da bayan yatsa, yadda yake yi.

Na ce, "Baba, itacen na gaskiya ne. Ba ta ci ba."

Na zauna a wurin har rana ta yi sanyi, ina ta ba shi labarin gida da ƙarfi, ko da na san kunnensa bai taɓa yin nauyi ba.